Hitar Gas a Ɗakin Hunturu: Abin da Hanci ke Kamawa da Wanda ke Wuce Shi

Da zarar hazo ya sauka a Kano, har mutum ya tsaya a Ƙofar Mazugal yana hangen Dala kamar an yafa masa farin mayafi, kowane gida sai ya shiga lalubo kayan ɗumi. A fito da barguna da rigunan sanyi, masu kasko su aika a sayo gawayi. A 'yan shekarun nan wata baƙuwa ta shigo sahu, wato hitar gas. Ba wadda ake tsomawa a bokiti don dafa ruwan wanka nake nufi ba. Akwatin ƙarfen nan nake nufi mai tayoyi, mai faranti uku a gaba da ke yin jajur idan an kunna, tukunyar gas kuma tana zaune a cikinsa ta baya. Dalilin shigowarta a fili yake. Wutar lantarki ba ta da alƙawari, tsadar kananzir ta kori risho daga gidaje, tukunyar gas kuwa ta riga ta samu wurin zama a madafa. Wanda ke da tsohuwa a gida, ko mai jego da ɗanyen jariri, idan asubar Janairu ta sauko da sanyi zuwa digiri 12 ko ƙasa da haka, ba zai yi da-na-sanin kuɗin da ya kashe ba.

Sai dai hita a garin nan aikin wata biyu take yi ta kwanta barcin wata goma. A cikin wata goman nan zafin Afrilu ya gasa ta, damina ta jiƙa ta da raɓa, ɓera ya bi ta kanta, ƙura ta cika kowace kafa. Sannan rana ɗaya a jawo ta, a goge mata fuska da tsumma, a ce ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Bara, wata Juma'a bayan la'asar, na je gaida mahaifiyarmu na tarar ƙanena ya jawo tata daga ɗakin shirgi, ya haɗa da tukunya a falo. Wari ya ɗan tashi. Ina cire takalmi na ga ya durƙusa a bayan hitar da kwalin ashana a hannu.

"Yaya, bari in haska in ga ta ina take yoyon."

"Kai! Ajiye ashanar nan, rufe tukunyar."

Hajiya daga kan darduma ta ce, "Ai haka na ga mai gas ɗin ma yana yi, ɗan nan."

Ban musa mata ba, domin gaskiya ta faɗa, ni ma na sha gani. Muka gangara da hitar tsakar gida, na sa aka kawo ruwa a kofi aka kaɗa sabulun wanke-wanke har ya yi kumfa. Da tsohon buroshin haƙori na bi ina shafawa: wuyan tukunya, gindin regileta, bakin tiyo, tsawon tiyon, har inda ya shiga cikin hitar. Sannan na buɗe tukunyar ba tare da an kunna komai ba. Ko'ina kumfar ta kwanta shiru tana bushewa, ban da wuri ɗaya, daidai ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ya matse tiyon da regileta. A nan wasu ƙananan ƙwayaye suka riƙa tasowa kamar ƙwan kwaɗo, ɗaya na ture ɗaya, suna kumbura suna fashewa. Da muka kwance sai ga bakin tiyon ya bushe ya tsage kamar faso. Tsagar ba ta kai faɗin farce ba.

Don a gane dalilin da ya sa na daka masa tsawa, sai an san abin da ke cikin tukunyar. Gas ɗin girki haɗin abu biyu ne, butan da furofen, waɗanda aka matse har suka zama ruwa. Shi ya sa idan ka girgiza tukunya kake jin motsinsa. Idan ruwan nan ya samu hanya ya fito sarari, yakan buɗe ya zama iska mai cin wuri ninki kusan 250 na girmansa. Kilo ɗaya yana ba da iskar da ta kai kusan rabin kubik mita. Kuma ba sai ya cika ɗaki yake kamawa ba: idan ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, ƙyasta ɗaya ta isa. Ɗauki madafa mai faɗin mita 2, tsawon mita 3, tsayin mita 3. Gas ɗin da bai cika kilo ɗaya ba ya wadatar ya mayar da ita abin fashewa. Tukunyar da aka fi ajiyewa a gida kuwa kilo 12.5 take ci.

Abin da ya fi damuna a halinsa shi ne nauyi. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka ba ya tashi sama ya fice ta taga kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi kamar ruwa, ya kwanta ƙarƙashin gado, ya shige bayan kujera, ya gangara kwata. Yanzu ka tuno ginin gidajenmu na cikin gari: taga ƙarama can sama kusa da rufi, dokin ƙofa mai tudu don tare ruwan sama, wani ɗakin ma daɓensa ya fi tsakar gida zurfi. Irin wannan ɗaki kwano ne. Kana tsaye hancinka na sama ba ka jin komai sosai, alhali daga gwiwarka zuwa ƙasa gas ne kwance. To me muke ajiyewa a ƙasan ɗaki da daddare? Kaskon turaren wuta da garwashinsa, maganin sauro mai ci a hankali, soket ɗin cajin waya, da yara a kan katifa. Turaren wutar ma laifi biyu yake yi, ga garwashi, ga ƙamshin da ke danne warin da ya kamata ya tashe mu.

Warin nan kuwa ba na gas ɗin ba ne. Shi kansa kusan ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, don a ji shi tun yana kashi ɗaya cikin biyar na adadin da zai iya kamawa. An koyi wannan ne da tsada. A 1937 gas ya taru ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka ba wanda ya ji, ya tashi da ita, mutum kusan 300 suka mutu, yawancinsu ɗalibai. Bayan nan aka fara wajabta sa wari a gas. Amma hanci ma'aikaci ne mai saurin gajiya. Idan ka daɗe a cikin wari sai ka daina jin sa, mai barci ba ya ji, kuma a hunturu rabin gari mura ta toshe musu hanci. Saboda haka idan baƙo ya shigo ya ce yana jin warin gas, kada mai gida ya ce shi bai ji ba. Baƙon ne mai gaskiya.

Yoyo yana da wuraren da ya saba fitowa, kuma kusan duk arha ne gyaransu. Akwai 'yar baƙar roba a cikin bakin tukunya wadda regileta ke zama a kanta. Ita ce ta fi kowa laifi. Tana taurarewa, tana yagewa, wani lokacin ta faɗi a wurin ɗuri ba a lura ba. Idan ka ɗora regileta ka ji tana lilo, ko ka ji tsss da zarar ka buɗe, fara duba ta. Na sha ganin an naɗa leda ko an yanko robar tayar keke an cusa a madadinta, wasu har dutse suke ɗorawa a kan regileta don ta danne. Wannan ba gyara ba ne, jinkirta gobara ne. Sai tiyo. Na gas daban yake da na ban ruwa ko na janareta, yana da zare a cikinsa, kuma mai kyau yana ɗauke da shekarar da aka yi shi a rubuce. Masu yin sa sukan ce kada ya wuce shekara 5, amma da zafin Kano ni ba na jiran haka. Lanƙwasa shi ka duba: in ka ga tsage-tsage a gwiwar, ko ya yi tauri kamar rake, ko ga shatin haƙoran ɓera, ya gama aiki. Kada a yi masa faci da salatif, kada a haɗa guntaye biyu, kada a ɗaure bakinsa da waya ko kyauron roba. Maɗaurin ƙarfe mai noti shi ne nasa, shi ma a matse daidai, don in an wuce kima shi ke yanka tiyon.

Regileta kuma mutane sun ɗauke ta makunni ne kawai, alhali aikinta ya fi haka. Ƙarfin gas a cikin tukunya ya ninka abin da hita ke iya ɗauka sau da yawa, ita ce ke sauko da shi zuwa ɗan numfashin da bai wuce miliba 28 zuwa 37 ba a ma'aunin matsin iska. Akwai wata iri mai murɗawa da masu shayi da masu tuyar ƙosai ke sa wa manyan murahunsu don wuta ta yi ruri. Wannan ba ta hitar ɗaki ba ce. In aka sa mata, wutar za ta yi tsalle ta bar farantin, tiyo kuma ya sha matsin da ba a yi shi dominsa ba. Wanda regiletarsa ke da agogon nuna matsin gas yana da gwaji na biyu bayan na kumfa: a bar hita a kashe, a buɗe tukunya har allura ta hau, a rufe tukunyar, a zauna minti 10. In allurar ta sauko, gas na fita ta wani wuri ko da kumfa ba ta nuna ba.

Tukunyar kanta tana da shekarun haihuwa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sa wa'adin tukunya shekara 15, tare da sake gwada ta duk shekara 5. Shekarar ƙira tana buge a jikin mariƙinta, tare da nauyinta idan babu komai a ciki. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa sunkuyawa suka karanta? A yawancin ƙasashe kamfani ne ke da tukunya, kai musanya kake yi, shi ke da alhakin gwaji. Mu a nan kowa da tasa, har gadonta ake yi, in ta yi muni a kai wa mai fenti ta dawo sabuwa fil. Kifa ta ka duba gindinta lokacin da ba komai a ciki, nan tsatsa ke ci saboda zama a jiƙaƙƙen daɓe. Wadda ta lotsa, ko ta taɓa shiga gobara, ko mai walda ya taɓa ta, ta tashi daga aiki. Wurin ɗuri kuma kada ka roƙi gyara kamar kana awon gero. Ana barin kusan kashi 20 cikin 100 na cikinta fanko da gangan, saboda ruwan gas yana kumbura idan ya ji zafi. Tukunyar da aka cika maƙil da sanyin safiya, aka jefa a but ɗin mota ta yini a rana a Kantin Kwari, ba ta da inda za ta kai kumburin. Lissafin mai sauƙi ne a kan sikeli: nauyin fanko a tara da kilon da aka rubuta, kada ya haura. Kuma a tsaye take tafiya, a tsaye take zama. In ta kwanta, ruwan ne zai fito maimakon iskar.

Duk wannan bayani a kan gas ɗin da ya fita bai ƙone ba ne. Akwai haɗari na biyu, kuma a ganina shi ya fi dacewa da hita, domin murhun girki awa ɗaya ake yi a kansa a madafa mai buɗaɗɗiyar ƙofa, ita kuwa hita a ɗakin kwana take, an rufe ƙofa, an toshe taga da tsumma, an saki labule.

Wuta numfashi take yi kamar mu. Hita mai faranti uku, idan an sake ta duka, tana shan gas kusan giram 300 a awa, wato tukunyar kilo 12.5 za ta yi mata awa 40 da 'yan kai. Kowane kilo yana bukatar iska fiye da kubik mita 12 kafin ya ƙone sarai. A ɗaki mai mita 4 kowane gefe, in an toshe shi ruf, cikin awa biyu oksijin ɗin da ke kashi 21 cikin 100 zai sauko wajen 18. Da ya fara ƙaranci sai ƙunar ta daina kammaluwa, wutar ta fara fitar da kabon monoksaid. Wannan ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya sa tari ko hawaye. Jini ya fi son sa a kan oksijin sau fiye da 200, don haka yana shiga huhu yake ƙwace mazaunin oksijin a jini ya ƙi sauka. Gubar nan ce dai ke cikin hayaƙin janareta, ita ce ke cikin kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa. Duk labarin da ka ji na iyalin da aka wayi gari ba su buɗe ƙofa ba, alhali ba gobara ba rauni, ka fara zarginta.

Alamominta kuma na yaudara ne: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, barci mai nauyi. A Kano wanda ya tashi da waɗannan kemis zai aika a karɓo masa maganin maleriya, wata kuma a ce iska ce ta buge ta a nemo mai ruƙiyya. Ga abin da ke bambanta su. Babu zafin jiki, mutanen ɗaki ɗaya ne suka kamu a lokaci guda, kuma da an fita waje sai a ji dama-dama, a dawo ɗaki abin ya dawo. Jariri, da mai ciki, da tsoho, da mai sikila ko ciwon zuciya su ke fara faɗuwa, wato dai waɗanda aka sayi hitar dominsu. In an ga haka a kashe hita, a fitar da kowa sarari, a nufi asibiti a gaya wa likita ƙarara cewa an kwana da hita ko gawayi, domin oksijin ne maganin. Madara da manja da ake ɗura wa mutum ba sa fitar da komai daga jini, wanda ya suma ma shaƙe shi za su yi.

A nan ne ƙurar hunturu ke shigowa cikin maganar. Ƙurar da ke taso mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi laushinta ya fi na garin fulawa, babu kafar da ba ta shiga. A cikin hita akwai ɗan ƙarfe mai huda kamar ta allura da gas ke fesowa ta ciki, masu gyara na ce masa jet. Gabansa akwai bututu mai kafofi inda gas ɗin ke jan iska su cakuɗa kafin su kai farantin. In ƙura ta toshe kafofin nan, ko gizo-gizo ya yi yana a ciki, ko zanzaro ya gina ɗakinsa na laka, to gas zai isa wurin wuta ba da isasshiyar iska ba, ko da taga a buɗe take. Hita za ta fara yin guba tun daga minti na farko. Wutar da kanta tana faɗa maka. Lafiyayya shuɗiya ce, gajera, tsayayya, faranti kuma ya yi ja bai ɗaya. In ka ga harshe rawaya yana lanƙwasa kamar na aci-bal-bal, ko baƙin hayaƙi ya fara shafar ragar gaba, ko wani gefen faranti ya yi duhu, ko tana yin fuf idan an kashe, a daina amfani da ita sai an duba.

Abin da mai gida zai iya yi da hannunsa bai da yawa, kuma ya isa. A cire tukunya gaba ɗaya, a fitar da hita tsakar gida tana sanyi. A kakkaɓe kafofin iska da buroshi mai laushi, a hure su da famfon keke. Farantin kamar tangaran yake, ba a wanke shi da ruwa, ba a kankare shi, in ya tsage sai sauyi. A duba tiyo da roba, a mayar, a yi gwajin kumfa, a kunna a waje a kalli wutar minti kaɗan kafin a shigar da ita. Gwajin kumfar kuma ba na shekara-shekara ba ne, duk ranar da aka sauya tukunya sai an maimaita. Daga nan zuwa ciki aikin mai gyara ne. Kada a zura allura ko tsinken tsintsiya a jet. Hudar an auna ta ne, in ta ƙaru da ko kaurin gashi gas zai fi iska yawa har abada.

Shi ma mai gyaran sai an tsaya a kansa. Hita mai kyau tana da masu gadi biyu. Na farko wani ɗan tsinken ƙarfe ne da ke tsaye cikin ƙaramar wutar nan ta gefe, ana ce masa tamokopul. Muddin yana jin zafi yana riƙe hanyar gas a buɗe, da wuta ta mutu ya huce sai hanyar ta rufe. Shi ya sa sai ka danne makunni na ɗan lokaci bayan ta kama kafin ka saki. Na biyu ƙaramar wutar ce da kanta: an tsara ta yadda in oksijin ɗin ɗaki ya ragu zuwa wajen kashi 18 za ta ɗaga ta bar tsinken, hita ta mutu. To mutum zai kai hitarsa gyara ya ce tana yawan mutuwa da kanta cikin dare. Mai gyara na ƙwarai zai tambaye shi girman ɗakin da ko yana barin taga, ya share ƙaramar wutar, in tsinken ya lalace ya sauya. Na banza kuwa zai ɗaure makunnin da waya ko ya cire mai gadin ɗungurungum, ya ce, "Alhaji, yanzu ko kwana za ta yi ba za ta mutu ba." Ya yi gaskiya, ita ba za ta mutu ba. Kafin ka biya, sa shi ya kunna a gabanka ya hure ƙaramar wutar. Cikin minti ɗaya ya kamata ka ji ɗan ƙas, gas ya tsaya.

Masu sayen ta gwanjo su karanta takardar da ke manne a bayanta. Kayan Turai da aka rubuta wa G20 na gas ɗin bututu ne, irin wanda aka tsara wa layi daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano, kuma jet ɗinsu ya fi faɗi. Namu na tukunya G30 ne ko G31. Haɗa na farkon da tukunya wuta rawaya ce da guba. Haka masu hitar ruwa ta gas da ake kafewa a bango: wurinta waje ne, ko a yi mata bututun hayaƙi da ya fita waje. Banɗaki ƙarami ne, rufe shi ake yi, kuma mutum shi kaɗai yake shiga.

Yadda za a zauna da ita a ɗaki kuwa ba sabon ilimi ba ne. A ɗaga taga ko da faɗin tafin hannu, a nisanta ta da labule da gidan sauro da katifa aƙalla mita ɗaya, kada a shanya wankin jariri a kanta, a kula da bakin zane da hijabi da yaro mai rarrafe. A ɗumama ɗaki kafin kwanciya, sannan a kashe daga tukunya, bargo ya karɓi aiki. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka gaya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta. Mai hali ya sayi na'ura mai ƙara, amma ya san iri biyu ce kuma ɗaya ba ta aikin ɗaya. Ta yoyon gas kusa da ƙasa ake kafa ta, ta kabon monoksaid kuma a ɗakin kwana, daidai inda ake numfashi.

Ranar da aka shigo aka tarar wari ya cika gida, hannu ne zai fara kai wa makunnin fitila, sai an hana shi. Kada a kunna, kuma wadda ke kunne kada a kashe, don duka biyun suna ƙyasta a cikin makunnin. Kada a kunna fanka wai ta kore shi, kada a tayar da janareta ko babur a soro, kada a amsa waya a ciki. A rufe tukunya, a buɗe ƙofofi, don ƙofa ce ta kai ƙasa inda gas ɗin yake, a watsa wa garwashi ruwa, kowa ya fita. Mu muna da wata ƙarin matsala: ko ba ka taɓa komai ba, ana iya kawo wuta a kowane lokaci, firji ya tashi, fanka ta juya da kanta. In babban makunnin gidan yana waje nesa da warin, a sauke shi. In bakin tukunyar ne ke yoyo ya ƙi tsayawa, a ɗauke ta a tsaye zuwa fili, nesa da kwata da rijiya, a leƙa a gaya wa mai ƙosan ƙofar gida ta kashe wutarta, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112 daga waje.

In har ta kama, maganin shi ne rufe tukunyar, idan hannu zai kai, da jiƙaƙƙen tawul. Bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp na kashe wutar tukunya da yatsa ko bargo sun bar rabin zancen: wutar da aka kashe alhali gas na ci gaba da fita ta fi wadda ke ci haɗari, domin taruwa zai yi ya jira ƙyasta ta gaba. Idan kuma wuta ta riga ta kewaye jikin tukunyar tana gasa ta, babu sauran jarumta, a janye kowa nesa. Wanda ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da ɗanyen ƙwai da man goge baki da gishiri, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti.

Ta Hajiya dai mun sauya mata tiyo da maɗaurai biyu da roba a ranar, kafin magariba. Mai gyara ya zo washegari ya kwance bututun iskar, ya ƙwanƙwasa shi a tafin hannunsa, sai ga dunƙulen laka ya faɗo da gawar zanzaro a ciki. Da sanyi ya wuce a ƙarshen Fabrairu na koma na cire tukunyar na kai ta inuwa a tsakar gida, na toshe bakin tiyon, muka sa hitar a babban buhu muka ɗaure. Hajiya ta sa ƙanena ya rubuta watan da aka sauya tiyon a jikin kwali, ta ce a liƙa a bayan hitar, ita ba za ta iya riƙe lissafin ba.